Ƙarshen Game of Thrones ba shi ne ƙarshen littattafan ba

Da yawa daga masu kallo sun ɗauka abin da tashar talabijin ta HBO ta nuna a zango na 8 na shirin Game of Thrones, a 2019, haka yake a littattafan George R. R. Martin. Ba haka ba ne. Littafi bakwai ya tsara, biyar ne suka fito, na biyar ɗin a 2011, shekarar da aka fara haska shirin. A wannan littafin an tsaya ne inda aka daba wa Jon Snow, ɗaya daga cikin jaruman labarin, wuƙa, wato daidai ƙarshen zango na 5, Daenerys kuwa, mai neman sarautar nahiyar Westeros, ko hanyar can ba ta kama ba. Daga nan masu shirin suka ci gaba da 'yan bayanan da Martin ya ba su, sauran kuma nasu ne.

Tun kafin nan ma hanya ta rabu. A littafi an tayar da Catelyn Stark, mahaifiyar Sansa da Arya, daga mutuwa tana ɗaukar fansa, shirin ya cire wannan ɗungurungum. Mugun nan Ramsay Bolton ma a littafi ba Sansa ya aura ba kamar yadda shirin ya nuna, ƙawarta Jeyne Poole aka kai masa da sunan Arya. Wannan canjin ne ya fi ɓata tsarin, domin ya fizge Sansa daga yankin Vale, inda take koyon makirci a hannun Littlefinger, mutumin da ke riƙonta.