Ƙarcen da bai kai ɗan yatsa ba

Ƙarcen bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ina so a riƙe wannan tun daga farko, saboda abin da ya biyo baya. Ina shigowa gida da baya da baya, bamban motar ya gogi ginshiƙin ƙofa, na ji "ƙiiit". Na fito na duba, sai ga layi ɗaya siriri a kusurwar dama, a jikin fenti mai ruwan azurfa. Da mai hankali ne, da ya shafa wurin ya ce Allah ya tsare gaba, ya shige ɗaki. Ni kuwa sai na ɗauko waya. Bidiyo uku na kalla a daren nan, kuma a kowanne mutumin yana gama aikin yana murmushi, rigarsa fes, hannunsa fes. Kafin barci ya ɗauke ni na riga na zama mai fentin mota a zuciyata.

Da safe uwargida ta ga na shigo da gwangwanayen fentin feshi da damin sanfefa, ta ce, "Malam, ba za ka kai wa masu sana'ar ba?" Na ce mata ai wannan aikin rabin yini ne. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake sallamar wanda ba a sa ran zai dawo da wuri.

Cire bamban kaɗai ya cinye rabin yinin. Ba noti ne kawai ke riƙe da shi ba, akwai wasu ƙananan maɓallan roba da ake cusawa, waɗanda aka ƙera su don su shiga cikin sauƙi su kuma karye in an ce su fito. Na karya biyar. Na tattara gutsattsarin na zuba a aljihu kada yara su gani.

Sai sanfefa. Kowace takarda akwai lamba a bayanta: 80, 320, 600, 1500. Na tsaya na yi lissafi irin na mai ilimi, na ce ƙaramar lamba ai ƙaramin kaushi ke nan, bari in fara da mai taushi kada in ji wa roba ciwo. Na ɗauki 80. Hannuna ya gaya min tana da kaushi kamar dutsen niƙa, amma na fi yarda da lissafina a kan hannuna. Ashe abin a juye yake: yadda lamba take hawa, haka ƙwayoyin yashin suke ƙara laushi. 80 ta masu kankare tsatsa ce da masu sassaƙa katako. Cikin minti biyar ƙarce ɗaya ya haifi 'ya'ya ɗari, fentin ya tafi, baƙar robar ta fito, kuma ta tashi da wani gashi-gashi kamar tsohon tawul. Na shafa, na ji laushi. Bamba mai gashi ban taɓa gani ba sai a gidana.

Na ce ba komai, fenti zai rufe. Wannan ita ce ƙarya mafi girma da mai fenti yake yi wa kansa. Fenti ba ya rufe aibi, tallarsa yake yi.

Na ɗauko tsumman da nake goge gaban mota da shi, na share ƙurar, na girgiza gwangwani sau uku ko huɗu, na matso da shi kusa kamar mai fesa turare a hammata, na danna. Da farko abin ya ba ni sha'awa, wurin ya jiƙe yana ƙyalli. Ban gama yaba kaina ba fentin ya fara zubar da hawaye, layi uku suna gangarowa a hankali. A gefen hawayen kuma wasu ƙananan ramuka suka buɗe, zagaye-zagaye, fentin yana gudu daga tsakiyarsu kamar ya ga abin tsoro. Na ƙara fesawa don in cike su. Suka ƙara buɗewa, hawayen suka zama kuka sosai.

A nan ne maƙwabcina ya leƙo. Dattijo ne, ya yi shekaru yana fentin mota kafin ƙirjinsa ya sa shi ya ajiye. Warin ne ya jawo shi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bamban, hannu a baya, kamar wanda ya zo duba mara lafiya ya tarar jikin ya yi tsanani.

Ya ce, "Ɗana, me ya yi maka?"

Na ce, "Baba, ƙarce ne ɗan kaɗan."

Ya ce, "Ina ƙarcen?"

Na rasa inda zan nuna.

Ya ɗauki tsumman ya shinshina, ya jefar. Man da ake shafa wa robar cikin mota don ta yi sheƙi, in ji shi, akwai silikon a ciki, kuma fenti da silikon ba sa ga maciji. Ko ɗigo ne ya taɓa wuri, fenti zai kauce masa ya bar rami, shi ne masu sana'ar ke kira idon kifi. Daga nan ya kifa bamban ya nuna min wani rubutu da aka buga a cikinsa: >PP<. Ya ce wannan sunan irin robar ne, kuma yawancin bamba da ita ake yi saboda tana lanƙwasa ba ta fashewa. Aibinta ɗaya, santsi gare ta kamar kakin zuma, ba abin da ke kama ta. Har ya ce in ana shakka, a yanki ɗan ɓarɓashi daga ciki a jefa a ruwa: PP tana yin sama, ABS kuwa, irin robar jikin madubin gefe, nitsewa take yi. Kafin fenti ya zauna a kan PP sai an fara fesa wani ruwa siriri mara launi da ke ƙulla zumunci tsakaninsu. Na ce ai na ga shi a bidiyo, na ɗauka dabarar cin kuɗin mutane ce. Bai ce komai ba. Washegari da fentin ya bushe ya dawo da salatif, ya manna a kai, ya fizge. Fentina ya biyo salatif ɗin gaba ɗaya kamar ana saɓule safa.

Haka rabin yini ya zama mako. Na wanke bamban da sabulu da ruwa har sau biyu, na goge da sabon tsumma. Na bi gashin da 180, na koma 320, sannan 400, kowace lamba tana share sawun ta gabanta, har yatsuna suka daina buɗe min waya saboda zanen ya goge. Na fesa ruwan zumuncin, na bi shi da fentin shimfiɗa mai ruwan toka, na bari ya bushe, na lallaɓa shi da 600 da ruwa. Baba ya sa na nemo lambar launin motar a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, domin ruwan azurfa ba ɗaya ba ne, kuma wanda na saya da farko na wata mota ce daban. Ya sa na girgiza gwangwani minti biyu cur bayan ƙwallon ciki ya fara ƙara, don ɓarɓashin alminiyom ɗin da ke ba azurfa ƙyalli kwanciya yake yi a ƙasa. Minti biyu na girgiza gwangwani a gaban iyalinka ya fi awa tsawo.

Yadda ake fesawa ma sai da ya kama hannuna kamar ɗan aji ɗaya. Tazarar santimita 20 zuwa 25, a fara dannawa kafin a iso jikin bamba, a wuce shi kafin a saki, kowane layi ya hau rabin na baya. Shafi siriri, a jira kamar minti goma, a sake. Shafin farko ya fito kamar ba a yi komai ba, hannuna yana ƙaiƙayi in ƙara, Baba yana cewa, "Kul." Da aka zo shafin ƙarshe mai sheƙi, wanda ake danna maɓalli a gindin gwangwaninsa don maganin taurin ya gauraya, ya ƙwace ƙyallen da na ɗaure hanci da shi, ya kawo min takunkuminsa mai matatar iska guda biyu. Ya ce abin da ke cikin wannan shi ya lalata masa ƙirji, ƙyalle ba ya tare shi. Shi kuma ya koma can nesa yana ba da umarni da hannu.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, feshi ba ya tsayawa inda aka aike shi. Iska 'yar kaɗan ta ɗebi rabonta. Keken ɗana ya samu, takalmana sun samu, zannuwan gadon da uwargida ta shanya a igiya suka fito da ƙyalƙyali. Ta riƙe ɗaya ta ɗaga wa rana ta ce, "Malam, wannan ma cikin rabin yinin ne?" Wani ƙwaro kuma, duk faɗin duniya bai ga wurin sauka ba sai tsakiyar shafi na biyu. Ya yi tafiyar santimita uku a ciki kafin ya cika, ya bar min sawu. Baba ya ce in bar shi sai ya bushe, 1500 da ruwa za su ɗauke shi. Suka kuwa ɗauke.

Ranar da na fito da bamban rana don in ga sakamako, Baba ya yi tafiya. Na durƙusa na duba da kyau, gabana ya faɗi. Ɗigo-ɗigo ne ko'ina, ƙanana kamar an yayyafa yashi. Na shafa da hannu, santsi sumul. Na sake dubawa, suna nan. Na tuna darasin ranar farko, amma na tuna shi a juye: na sake ƙin yarda da hannuna. Na ɗauko 2000 da bokitin ruwa na bi bamban kaf, na goge da man sheƙi. Ɗigon bai motsa ba. Na koma 1500. Na ci gaba da gurza, gumi yana zuba, har a kusurwar dama, daidai inda ƙarcen asali yake, sheƙin ya huje, azurfar ta huje, ruwan toka ya leƙo.

Na zauna a ƙasa na ɗaga kai sama don in huce. Sai na ga sararin sama ma da ɗigo-ɗigo. Na kalli bango, ɗigo. Na kalli 'yata da ta kawo min ruwa, fuskarta duk ɗigo.

Ta ce, "Abba, me ya sa tabaranka yake ƙyalli?"

Na cire tabarau. Bamban yana nan sumul kamar madubi daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ban da tabo ɗaya mai ruwan toka da na haƙa da hannuna. Na auna shi da ɗan yatsa. Ya fi ƙarcen tsawo kaɗan.

Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, an gama?"

Na ce saura aikin rabin yini. Ta fito ba ta ce uffan ba, ta fara kwashe shanya.