Kyaftin ɗin da ya ƙi tashi da mu jiya ya yi daidai

Har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba zaman awa huɗu a filin jirgi ne ya ɓata min shi ba. Zagin da aka yi wa kyaftin ɗin nan ne. Bawan Allah ya fito da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya ce ya buɗe littafin gyaran jirgin ya tarar da matsalar lantarki guda an rubuta, an ɗage, ta dawo, an sake ɗagewa, kuma ba zai sa hannu ba sai an gano daga ina take. Wani da ke gefena, jaka a kafaɗa, sai buga teburin kanta yake yi yana cewa ai 'yar fitila ce kawai ke kunnuwa. 'Yar fitila! Malam, fitilar nan saƙo ta kawo, kashe ta ba ya kashe abin da ya aiko ta.

Na sani, doka ta yarda a ɗage wasu gyare-gyare. Kowane jirgi yana da kundin da ake kira MEL, wanda ya jera abubuwan da za a iya tashi ko da sun lalace, da wa'adin kowanne: wani kwana 3, wani kwana 10, wani har 120. Ba ni da ja da wannan. Amma kafin ka ɗage gyara sai ka san abin da ya lalace. Injiniyan da ya zare bireka, wato makunnin da ke yanke wa na'ura wuta, alama ta ɗauke, ya liƙa takarda ya rubuta an ɗage, bai san komai ba tukuna. Bakin matsalar kawai ya toshe. Lantarkin jirgi ba kujerar da ta ƙi kwanciya ba ce. Waya ɗaya ko rile ɗaya, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, na iya ciyar da na'urori da yawa, abin da ka gani a nan ciwonsa na can.

Ku tuna Madrid, 20 ga Agusta 2008, jirgin Spanair. Sun kai bakin titin tashi suka dawo, saboda hitar na'urar auna zafin iska tana aiki a ƙasa, alhali sai a sama ya kamata ta kunnu. Aka zare birekarta, aka duba kundi, aka sallami jirgi. Takarda ta cika. Abin da ya sa hitar ta kunnu ne ba a bi diddiginsa ba. Da suka koma tashi, matuƙan suka manta ba su sauke filaf na fikafikai ba, wato ɓangaren fiffike da ke taimaka wa jirgi ɗagawa, ƙararrawar da aka yi domin ta tsawatar musu a irin wannan lokaci kuma ta yi shiru. A ƙirar jirgin, rile guda ce ke shaida wa hitar da ƙararrawar cewa jirgi yana ƙasa. Jirgin ya faɗi wajen tashi, cikin mutum 172, 154 suka rasu.

Ga AirAsia, 28 ga Disamba 2014, daga Surabaya zuwa Singafo. Dalma ce ta tsage a cikin wata na'ura. Sau 23 matsalar ta bayyana cikin shekara guda, galibi sai a kashe a kunna, ta lafa, a ci gaba da jigila. Ranar ta dawo sau huɗu a sama, aka taɓa bireka, jirgin ya ƙwace musu, ya faɗi. Rai 162. Abin da ya dawo sau 23 ba a gyara shi ba, lallaɓa shi ake yi.

Masu cewa kamfani zai yi asara, ya yi. Masu cewa ai kowace na'ura tana da ta biyu, to ta biyun don tsautsayin da ba a sani ba aka ajiye ta, ba don a cinye ta tun daga ƙasa ba. Masu cewa injiniya ya riga ya sa hannu, injiniya zai koma gida ya kwanta. Kyaftin da mataimakinsa da ma'aikatan ciki su ne za su shaƙi hayaƙin idan waya ta ƙone a bayan bango, inda ba hannun da zai kai. Shi ya sa doka ta bar wa kyaftin kalmar ƙarshe. Wallahi na fi son matuƙin da zai sa na rasa taro a kan wanda ke tsoron a kira shi ofis.

Ni tausayin ma'aikaciyar da aka bari a ƙofa ma ya fi kama ni. Ba ita ta ɗage gyara ba, ba ita ta hana tashi ba, amma ita aka nuna wa yatsa har idonta ya ciko, tana ta cewa ku yi haƙuri. Da muka hau ɗayan jirgin, ita ce dai ta roƙi mutumin nan mai buga tebur ya ciro batirin cajin wayarsa daga jakar da za a kai ƙasan jirgi, don batirin litiyom in ya kama wuta gara ya kama inda ake ganinsa. Sai da ya yi mata gardama kafin ya zuge jakar.