Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Damina ta kankama a Gadarif da ke gabashin Sudan, sauro ya yi yawa, ɗakin jiran asibitinmu kullum cike. Jiya wata dattijuwa 'yar unguwarmu ta kawo jikanta, jiki zafi rau. Na ɗebi jini a ɗan yatsansa na ɗiga a katin gwaji, bayan minti 20 layi ɗaya kawai ya fito. Na ce, "Inna, ba maleriya ba ce, bari in duba kunnensa da ƙirjinsa." Ta ce, "Ɗana, tara na haifa, na san zazzaɓin sauro tun ba a haife ka ba. Yi masa allura mu tafi." Da na haska, kunnen ne ke zubar da mugunya.

Ban ga laifin Inna ba ko kaɗan. Mu ma'aikatan asibiti muka koya wa mutane haka, shekara da shekaru, duk wanda jikinsa ya yi zafi a miƙa masa kulorokwin. Sudan ta ajiye wannan magani a 2004 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini tukuna kafin a ba da maganin maleriya. Amma har yau ina ganin abokan aikina, gwaji ya nuna babu, su rubuta maganin, wai "don kada".

Wannan "don kada" ita ke ci mini rai. A ƙasar Gadarif muna da kala'azar, cutar da ke kawo dogon zazzaɓi da kumburin saifa, muna da zazzaɓin dengi, ga ciwon haƙarƙari da ke kwashe ƙananan yara. Na taɓa karɓar yaro daga ƙauye da aka yi wa maganin maleriya har sau uku, saifa ta kumbura, ya rame ya lalace, ashe kala'azar ce ke cin sa. Duk lokacin da aka ba shi maganin da ba nasa ba, iyayensa sai su koma gida da kwanciyar hankali, cutar kuma ta sami ƙarin makonni.

Haka batun kinin, tsohon maganin maleriya mai tsanani, wanda wasunmu har yau suke fifitawa a kan allurar atesunet da ta zo bayansa. A 2010 aka fitar da sakamakon wani bincike kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka 9. Cikin waɗanda aka yi wa kinin, kashi 10.9 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka yi wa atesunet kuwa kashi 8.5. Kinin sai an sa shi a ruwa ya yi awa 4 yana ɗiga, yana kuma iya sauke sukarin jini. Na sani tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 magani yakan yanke, kuma ranar da babu atesunet, kinin ne mai ceto. Abin da ban yarda da shi ba shi ne atesunet yana nan ajiye a kan kanta, mutum ya tsallake shi don hannunsa ya saba da kinin.

Takardar ƙa'idojin magani da aka manna a bango ba ta taɓa sauya kowa a cikinmu ba. Ni kaina sai da wani babban likita ya zaunar da ni, ya haɗa allurar atesunet a gabana, na haɗa a gabansa, sannan zuciyata ta natsu.

Ku da kuke kawo mana yara, don Allah ku riƙa tambaya: an yi gwaji? Me ya nuna? Inna dai ta karɓi maganin kunne tana ƙunƙuni, na kuma roƙe ta ta dawo da shi jibi in sake duba shi.