Masu kiran soja, ku fara auna Nijar da Botswana

Tun ranar 7 ga Disamban 2025, da wasu sojoji suka bayyana a talabijin ɗin Jamhuriyar Benin suka ce sun tumɓuke Patrice Talon, wata magana ta sake tasowa a ƙauyukanmu, kuma ta ƙi kwanciya duk da cewa juyin mulkin ko kwana bai yi ba. Maganar ita ce "saura mu". Ana jin ta a rumfar mai cajin waya, a teburin mai shayi, har a bayan a-kori-kura idan an nufi kasuwar Gujungu. Wasu ma haushinsu shi ne yadda jiragen yaƙin Najeriya suka je suka wargaza shirin. Saurayi zai miƙo maka waya ya ce, "Malam, dubi aikin maza," sai ka ga Kyaftin Ibrahim Traoré da jar hularsa, an ɗora masa kiɗa, an jero gadoji da gine-ginen da yawancinsu ba a Burkina Faso suke ba.

Wanda yunwa ta sa shi faɗin haka, ba ni da ta cewa a kansa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 magidanci a karkara bai sake numfasawa ba. Ya sayi taki da tsada, ya zo sayar da masara farashi ya faɗi, ga kuɗin mota ya ninka. Yaran da suka ɗaga tutar Rasha a titunan Kano cikin Agustan 2024, da yawansu ko a taswira ba za su iya nuna Rashar ba. Waɗanda nake ƙullace da su su ne masu digiri da ke zaune a Abuja ko Landan, suna rubuta wa talakan Gumel da Ɓaɓura cewa maganin talaucinsa yana bariki. Su sun san tarihi, sun dai zaɓi su rufe ido ne.

Babbar hujjar da ake kafawa a nan gefenmu ita ce sefa. Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga abin da idonsa: mutumin Dungas ko Magarya zai sayar da bijimi biyu, ya canza 'yan takardun sefa, ɗan canji ya cika masa leda da naira, ya loda gero da kayan masarufi ya juya gida. Namu na tsaye yana kallo, sai ya ce lallai can an gyara ƙasa. To wa ya riƙe wa sefa ƙarfinta? An ɗaure ta ne da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma baitulmalin Faransa ne ke tsaya mata. Wato kuɗin da ake yi wa Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, kirari a kansa, Faransar da ya kora ce ke tallafe da shi, kuma har yau bai fita daga cikinsa ba. Faɗuwar naira laifin masu mulkinmu ne, amma tsayuwar sefa babu hannun sojan Yamai a ciki.

In dai awo ake so na gaskiya, sai a nemo ƙasashe biyu da Allah ya yi musu kama, a ga inda kowacce ta kwana. Nijar da Botswana sun dace da wannan. Duk biyun ba su da teku. Duk biyun hamada ta cinye mafi yawansu, nan Sahara can Kalahari. Duk biyun mutanensu makiyaya ne da fari ke yi wa ɓarna. Nijar ta sami 'yanci a 1960, Botswana a 1966, kuma a ranar da Turawan Ingila suka tafi, kwaltar da suka bar wa Botswana ba ta wuce kilomita 12 ba, masu digirinta kuma ba su kai talatin ba. Sannan a shekara guda, 1971, aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, aka kuma buɗe mahaƙar lu'ulu'u ta Orapa.

Yau abin da ke faɗawa kan kowane mutum ɗaya daga arzikin Botswana a shekara ya kai wajen dala dubu bakwai. Na Nijar bai kai dala dubu ɗaya ba. A Nijar, cikin yara dubu da aka haifa, fiye da ɗari ba sa kai shekara biyar. A Botswana wajen arba'in ne. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, ƙasar da yuraniyom ɗinta ya yi shekaru yana haska biranen Faransa, alhali a Botswana sun haura kashi biyu bisa uku. Makiyayin Botswana naman saniyarsa har Turai yake zuwa ta mahautar gwamnati da ke Lobatse. Makiyayin Damagaram kuwa sai ya koro dabbarsa zuwa Maigatari, dillali ya yanka mata kuɗin da ya ga dama.

Me ya raba su? Ku ƙirga juyin mulki. A 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani. A 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da Mahamane Ousmane. A 1999 dogaran Baré suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. A 2010 Salou Djibo ya ɗauke Tandja, a 2023 Tchiani ya kulle Bazoum. Sau biyar ke nan. Tsarin mulkin da Tchiani ya rushe shi ne na jamhuriya ta bakwai. Botswana kuwa tsarin mulkin 1966 take amfani da shi har yanzu, sai 'yan gyare-gyare, ba a taɓa juyin mulki ba ko sau ɗaya, kuma sai a 1977 ma ta kafa rundunar soja. Shekara goma sha ɗaya na farko, kuɗin da wasu ke sayen tankoki da su, ita rijiyoyin burtsatse da makarantu da ɗakunan shan magani ta gina.

Masu kiran soja za su ce Faransa ce ta tsotse Nijar. Gaskiya ne, ta tsotse ta. Amma De Beers, kamfanin haƙar lu'ulu'u, shi ma ba sadaka ya je yi Botswana ba. Bambancin shi ne wanda ya zauna a ɗaya gefen teburin. Seretse Khama, shugaban Botswana na farko, tun kafin a fara haƙa, ya sa aka yi doka cewa duk arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin ƙasa ne, alhali Orapa a yankin ƙabilarsa take. Gwamnati ta fara da kashi 15 na kamfanin haƙar, zuwa 1975 ta kai rabi da rabi, daga baya ta mallaki kashi 15 na De Beers ɗin kansa. A 2023 suka sake matsa wa kamfanin har ya yarda kason lu'ulu'un da ƙasar ke sayarwa da kanta ya tashi daga kashi 25 zuwa 30, ya kuma kai 50 cikin shekara goma. Babu wanda ya ƙona tuta, babu wanda ya kori jakada. Ma'aikata ne da suka daɗe a kujerunsu, suka san lissafin kamfanin kamar yadda kamfanin ya san shi. A Nijar fa? Diori na tsaka da neman a ƙara wa yuraniyom farashi soja suka yi awon gaba da shi. Ƙasar da duk bayan 'yan shekaru ake share ministoci da daraktoci a kawo sababbin kanal-kanal, yaushe za ta tara gwanayen da za su iya ciniki da baƙo?

Akwai masu cewa ai mutanen Botswana miliyan biyu da rabi ne, Nijar kuwa sun haura miliyan 25. Equatorial Guinea ma mutanenta ba su kai na Botswana ba, ga mai kamar ruwa, ga shugaban da ya hau da bindiga tun 1979, a je a tambayi talakanta.

Ko a maganar tsaro, wadda da ita sojojin suka kafa hujjar karɓar mulki, lissafin bai fita ba. Bayan juyin mulkin 2023 masu ba da tallafi suka janye, gwamnatin Tchiani ta zabtare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. An kori sojan Faransa, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas, 'yan Rasha sun iso. Amma a ranar 21 ga Maris ɗin 2025, cikin azumi, 'yan bindiga suka zagaye masallacin Juma'a a ƙauyen Fambita na jihar Tillaberi suka kashe mutum 44. Cikin watan Maris ɗin dai aka rantsar da Tchiani ya yi shekara biyar, aka rushe jam'iyyu. Bazoum na nan a tsare. A Burkina ta Kyaftin ɗin da ake yi wa kiɗa, sama da mutum miliyan biyu sun bar gidajensu, dubban makarantu a rufe, garin Djibo ya yi shekaru sai da rakiyar soja ko ta jirgi abinci ke shiga. Wannan ba ya fitowa a TikTok, domin ɗan jaridar da zai nuna shi, ko yana kurkuku ko an tasa ƙeyarsa fagen daga.

Ba sai mun je kudancin Afirka ba ma. Jigawa na cikin jihohin da suka fi talauci a ƙididdigar 2022 ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, kuma a binciken lafiya na 2018 kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai shekara biyar a jihar. Ba abin alfahari ba ne. Duk da haka, dubi abin da manomin Auyo ko Kafin Hausa yake iya yi. Zai ranci kuɗi ya sayi injin ban-ruwa, domin ya san zai tarar da shi inda ya bar shi. Zai kwana a fadama yana gadin shinkafarsa daga tsuntsu da ɓarawon dami. Zai ɓoye riɗi da zoɓo wata huɗu yana jiran farashi. Matarsa za ta turke rago tun bayan ƙaramar salla don ta sayar da layya. Zai dasa mangwaro da ba zai ci 'ya'yansa ba sai bayan shekaru. Zai kafa kwano a ɗakinsa ba tare da tsoron wani ya gani ya ce ya yi kuɗi ba.

Ɗan'uwansa na Zamfara, wanda ƙasarsa ta fi albarka har da zinariya a ƙarƙashinta, sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Shanun huɗa sun tafi. Duk abin da ya tara, kuɗin fansa ne ke jira. Bayan ɗauke 'yan matan Jangebe a 2021, uba nawa ne zai sake kai 'yarsa makarantar kwana da zuciya ɗaya? Mutumin da bai san ko zai kwana a gidansa gobe ba, ba ya dasa itace, ba ya gina rumbu. Haka ɗan kasuwa, haka likita, haka malamin makaranta: kowa sai ya tattara ya nufi inda hankalinsa zai kwanta. Abin da ke faruwa da ƙauye ɗaya shi ke faruwa da ƙasa baki ɗaya idan ba a san wanda zai wayi gari da mulki ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Kazaure da Daura, wane mai hankali zai zuba jari a ƙarshensa alhali iyakar kanta sai da ta yi wata bakwai a rufe bayan juyin mulki?

Dattawa sukan tuna mana cewa gwamnan mulkin soja ne, kwamishinan 'yan sanda Audu Baƙo, ya gina madatsar Tiga da ake noman rani da ita a Kura da Bunkure da Garun Malam. Allah ya jiƙansa, ya yi aiki. Sai dai soja sun riƙe Najeriya kusan shekara 29 tsakanin 1966 da 1999, kuma a cikinsu aka yi yaƙin basasa, aka yi layin sayen madara da sabulu, aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, aka soke zaɓen 1993, aka kwashi kuɗin da aka yi shekaru ana dawo da su daga Suwizalan. Madatsa ɗaya ba ta biyan wannan bashi. Wanda ya ce a yi caca ko za a dace da wani Audu Baƙo, ya tuna cewa idan aka dace da akasinsa babu akwatin da za a cire shi da shi.

Botswana ba aljanna ba ce. Rashin aikin yi ya yi wa matasanta katutu, kasuwar lu'ulu'u ta faɗi, har a Agustan 2025 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ƙarancin magani a asibitoci. Mutanen can ma sun fusata kamar namu. Abin da suka yi da fushin shi ne abin lura. A Oktoban 2024 suka fito suka kayar da jam'iyyar da ta yi shekara 58 tana mulki. Shugaba Masisi ya amsa shan kaye tun ba a gama ƙirga ba, ya miƙa wa Duma Boko ofis. Washegari makarantu suka buɗe, ma'aikata suka je aiki, ba a rufe iyaka ba, ba a yanke wa kowa wuta ba.

Mu ma muna da wannan makami, mu muke sayar da shi a kan taliya da sabulu. A daina. Kotun Ƙoli ta ce tun Yulin 2024 a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A tsare ciyaman da kansila a tambaye su ina suka shiga. Sojan kuma a bar shi ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa, don aikin ya iso ƙofar gida: tun ƙarshen 2025 'yan bindiga ke tsallakowa daga Katsina suna shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kora shanu da mutane. Can ake buƙatar kanal-kanal ɗin, da motocinsu da jiragensu, kafin damina ta faɗi.