Boga a Amurka abincin mai sauri ne, a Zariya ya zama na 'yan gayu

Jama'a abin nan ya daɗe yana damuna. Duk sanda na leƙa Facebook ko status ɗin 'yan uwa na gida sai in ga hoton boga da cips da lemon kwalba, yaro ya ci jarabawa a kai shi cin boga, saurayi zai burge budurwa a Samaru ko PZ sai boga, har ya zama kamar wata alamar wayewa. Ni kuma da nake zaune a Amurka ina ganin su waye ke cin sa kullum. Direban babbar mota ne, da leburan da ya fito aikin dare, da uwar da ke aiki biyu ba ta da lokacin ɗora tukunya. Masu hali da ilimi a nan ganye da wake da hatsin da ba a surfe ba suke bi da tsada, wato dai irin abin da muke da shi a kasuwar Sabon Gari a araha.

Ba wai boga guba ba ne fa. Akwai nama a ciki, kuma nama na gina jiki, Big Mac ɗaya, wato babban bogan gidan abincin McDonald's, na da furotin wajen giram 25, ga sinadarin ƙarin jini. Matsalar abin da ke rakiyar naman ce. Wannan Big Mac ɗin shi kaɗai ya haura kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), in ka haɗa da cips da lemo ka wuce 1,000 a zama ɗaya, alhali babban mutum abin da yake buƙata a yini gaba ɗaya bai wuce 2,000 zuwa 2,500 ba. Kuma burodin farar fulawa ne zalla, an cire dusar, ɗan latas ɗin da ake sakawa ado ne kawai, shi ya sa bayan awa biyu uku cikin ya sake kiran ciroma.

Gishirin ne ma ya fi tsorata ni wallahi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, to babban boga ɗaya na ɗauke da kusan rabin wannan, tun ba a zo kan cips ɗin da aka barbaɗe da gishiri ba, kuma ba ka jin sa sosai a baki saboda ya ɓuya cikin burodi da cuku da miyar da ake shafawa. Gishiri shi ke tayar da hawan jini, hawan jini ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a asibitin koyarwa na Shika ya san abin da wankin ƙoda ke yi wa aljihun gida guda. Lemon kuma kwalbar 50cl na da suga sama da cokalin shayi 10. Wa zai zuba cokali 10 a kofin shayinsa ya shanye? Amma a kwalba muna yi, har mu miƙa wa yaro ɗan shekara 5.

A nan Amurka wajen mutum 4 cikin manya 10 na fama da ƙibar da ta zama cuta, ba boga kaɗai ya jawo ba, akwai zaman mota da rashin tafiyar ƙasa, amma irin wannan cimar na gaba gaba. Su suna neman hanyar fita mu kuma muna rububin shiga.

To ka ɗauki faten tsakinmu na Zazzau da ake mana tsiya a kai. Masara ce, ga rama ko yakuwa ko alayyahu, ga wake, ga gyaɗa, ga daddawa, kwano ɗaya ya riƙe ka tun hantsi har la'asar kuma hanjinka ya yi aiki yadda ya kamata. Kwaɗon zogale da ƙuli, ɗan wake, tuwon dawa miyar kuka, fura da nono in ba a cika mata suga ba. Ni nan sai na yi tuƙi mai nisa zuwa shagon 'yan Afirka kafin in samu garin kuka, a ɗan ƙaramin leda, da kuɗin da in na faɗa a gida sai a riƙe baki.

Amma gaskiya girkin gidan ma mun fara ɓata shi. Dunƙulen magi huɗu biyar a tukunya ɗaya sannan a ƙara gishiri, man da aka soya awara da shi yau a soya gobe har ya yi baƙi, indomi da ƙwai wajen mai shayi kowane dare. Wannan ma hanyar hawan jini ce, ba sai da boga ba.

Ban ce kada kowa ya ci ba. Lokaci lokaci a ci ƙarami, a bar cips ɗin ko a raba shi biyu, a sha ruwa ko zoɓon da ba a tula wa suga ba. Iyaye mata dai nake roƙo, don Allah a daina mayar da shi tukuicin yaro in ya yi abin kirki, don yaron da ya taso yana ganin boga lada ne fate kuma abincin dole, in ya fara kama kuɗinsa kun san inda zai nufa.