Kada mu ce yaro ne, zai manta

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya azurta da haihuwa kwanan nan, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinmu wadda take damuna ƙwarai. Idan an razana yaro, ko an raba shi da uwarsa bagatatan, sai a ce ai yaro ne, bai san komai ba, zai manta. Gaskiya ne ba zai iya ba da labarin abin ba idan ya girma, amma mantuwar labari daban take da warkewar tabo.

Likitan nan na birnin Biyana a ƙasar Austria, Sigmund Freud, wanda ya rayu daga 1856 zuwa 1939, ya shafe shekaru yana sauraron manya masu fama da fargaba da ƙuncin rai, kuma sau da yawa idan ya bi diddigin damuwar sai ya tarar da saiwarta a ƙuruciya. A 1923 ya kasa zuciyar mutum gida uku: sashen sha'awa da ke son biyan buƙata nan take, da sashen hankali da ke auna abin da zai yiwu, da sashen lamiri da ke hani da zargi. A ganinsa jariri da na farkon kaɗai yake zuwa duniya, na ukun kuwa daga muryar iyaye ake gina shi, wajen shekara biyar zuwa shida. Ku tsaya ku yi nazarin wannan da kyau, domin ma'anarsa ita ce kalmar da kake yawan jifan ɗanka da ita, ko "wawa" ce ko "Allah ya yi maka albarka", ita ce zai riƙa faɗa wa kansa bayan ba ka nan.

Ba ina cewa ku haɗiye duk abin da mutumin ya faɗa ba ne. Yawancin bayaninsa kan sha'awar jinsi a ƙuruciya masu bincike na baya sun ƙi shi, ni ma ban gamsu da shi ba. Sai dai batun rabuwa da uwa ya samu shaida mai ƙarfi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu 'yarsa, Anna Freud, ta kula da ƙananan yara a gidajen reno a unguwar Hampstead ta Landan, inda ita da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham suka lura cewa raba yaro da mahaifiyarsa ya fi girgiza shi fiye da ƙarar bama-bamai. A 1951 kuma likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto yana jaddada cewa ƙaramin yaro yana buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwarsa ko wadda ta tsaya a matsayinta.

To, mu dubi yadda muke yaye. A rana ɗaya a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa lokaci guda, alhali ana iya rage shayarwar sannu a hankali cikin makonni yana ganin mahaifiyarsa kullum. Idan ma dole sai an kai shi, a bari ya saba da kakar tukuna. Haka batun fitsarin kwance: masanin halayyar ɗan'adam Erik Erikson ya bayyana a 1950 cewa tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku yaro yana koyon ko dai dogaro da kansa ko kuma jin kunya da shakkar kansa, don haka tara masa yara su yi masa waƙa ba ya tsayar da fitsari, kunyar ce kawai take zama.

Abu na ƙarshe da nake roƙonku, ni ma ina roƙon kaina, shi ne mu daina huce haushin waje a kan yara. An ɓata maka rai a kasuwa ko a ofis, ba ka iya tankawa ba, ka dawo gida ka zabga wa ɗan shekara uku mari don ya zubar da koko. Idan ka ji ranka a ɓace, ka tsaya a zaure ka sha ruwa, ka bari zuciyar ta sauka kafin ka yi sallama.