Kwamfutar Kawu ba ta mantuwa

Kawuna dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Duk wanda ya taɓa cin bashinsa tun zamanin Abacha, sunansa na cikin wata manhajar DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, da wani yaro ya haɗa masa da dBase, manhajar adana bayanai: baƙin allo, ba hoto, ba ruwanta da linzamin kwamfuta, wato mouse. A kan wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP take zaune, har ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi hayaƙi ta ce ga garinku nan.

"Ɗan nan, ba kai ne injiniya ba?" in ji Kawu. Injiniyancina dai bai wuce saka wa matan gidanmu WhatsApp ba, amma a Agege wannan ya isa a ba mutum sarauta.

Na kama hanyar Computer Village a Ikeja, aka kwashe mini abin da ke cikin mamaciyar, Kawu ya biya kuɗin sabuwa mai Windows 11 yana ta salati. Na danna manhajar, sabuwar ta ce sam ba ta san wannan tsohuwa ba. Ashe manhajojin DOS masu bit 16 ne. Windows mai bit 32 tana da wani ɗan tafinta a ciki, NTVDM, da ke lallaɓa su. Ita kuwa Windows 11, tun da ta fito a 2021 mai bit 64 kaɗai ake yi, kuma ba a taho da tafintan ba.

Da na yi wa Kawu wannan bayani, sai ya kalle ni. "Motar da ke ɗaukar buhu 64 ce za ta gaza da 16? An cuce mu, mayar musu da kayansu."

Da ƙyar na samu ya ba ni dare ɗaya. Na sauko da DOSBox, wadda ke yi wa manhajar ƙaryar cewa har yanzu zamaninta ake, na rubuta mount c, umarnin da ke nuna mata inda fayilolin suke, na buɗe manhajar, sai ga baƙin allo ya bayyana. Kawu har da kabbara. Amma ya ce shi a takarda yake so, don mai cin bashi ba ya jin kunyar allo. Nan ma wata rigimar: manhajar LPT1 kawai ta sani, wato tsohuwar mahaɗar firinta mai ramuka 25, DOSBox kuwa don wasanni aka yi ta, ba ta bugawa. Sai da na koma vDos, 'yar'uwar DOSBox da ke iya bugawa, wajen asuba, sauro na ta cin rabonsa.

Takarda ta fara fitowa, sunaye a jere daga A. Ni kuwa da A sunana ya fara.

Kawu ya gyara tabarau. "Naira 3,500, kuɗin jarrabawa, 2004. Nawa ka ce ladan aikinka?"

"Kawu, ai kyauta ka ce a lokacin."

"Injiniya, ni da kai wa zai yi musu da na'ura? Cire naka, ka kawo canji."